Iskar da Suka Bar Mini

Ofishinmu a da shagon ƙungiyar manoma ne, inda ake sayar da iri da taki. Da aka mayar da shi ofishin jin daɗin jama'a, sai aka yayyanka babban ɗakin da bangon kwali, aka ba kowa akurkinsa. Bangon bai kai silin ba. Idan na hau kujera ina iya leƙa kan Teta Stanka, wato Inna Stanka, magatakardarmu, in ga inda rinin gashinta ya ƙare. Dogon bencin masu jira kuwa a jikin bangona aka jingina shi.

Ni ce mai sauraron matsalolin mutane a wurin. Abin da na karanta ke nan a Belgrade, ilimin halayyar ɗan Adam, kuma na fita da sakamakon da ya isa in zauna can. Na dawo garinmu ne don na ga dama, ko da yake har yau akwai masu jiran su ji wanda ya koro ni. Sunana Isidora, amma Farfesa suke kirana. Ba don girmamawa ba ne. Na amsa sunan tun ranar farko don kada su ji daɗinsa.

Aikina ya dogara ga abu ɗaya: mutum ya zauna ya faɗi abin da ba ya iya faɗa a gida. A wannan ofis kuwa, idan mutum ya yi atishawa a gabana, na kan benci ne zai fara ce masa sannu. Mutane sukan zo su zauna, su dubi saman bangon, su tambaye ni yadda ake neman tallafin itacen ɗumi, su tashi su tafi. Wanda ya yi gangancin buɗe baki da safe, kafin ya kai gadar kogin Morava labarinsa ya riga shi hayewa.

Milunka tana cikin masu zuwa su tafi ba su ce komai ba. Cuku da man shanu take sayarwa a kasuwa, ta haura hamsin, ba ta taɓa aure ba. Ita kaɗai take riƙe da mahaifinta, wanda tsufa ya tafi da hankalinsa ya bar masa ƙarfin damtse. Ƙanenta Ratko yana aiki a Linz, can ƙasar waje, yana zuwa sau ɗaya a shekara. Gidan ma nasa ne idan tsohon ya tafi, don Milunka ta yafe masa rabonta tun tuni, kamar yadda 'yan'uwa mata suke yi a wajenmu idan suna so a ci gaba da gaishe su.

Wata Asabar ina tsaye a rumfarta tana naɗe mini cuku, sai ta sunkuyo kamar za ta gyara ma'auni.

"Farfesa, akwai maganar Baba."

"Ina ji."

"Gidan tsofaffi nake so in kai shi." Ba ta ɗago kai ba. "Kafin Ratko ya zo slava. In ya ji kafin a ba Baba gadon kwanciya a can, zai hana. In garin nan ya ji, ba mai sake sayen cukuna."

Slavar gidansu, bikin waliyyin da iyalin suka gada, a farkon sanyi take faɗowa. Lokacin kuwa ana cikin gasa barkono a kowace tsakar gida, kaka ta yi nisa.

"Sai kin zo ofis kin faɗa mini komai, in rubuta bayani," na ce. "Ba sa ba da gado sai da dalili."

"A wancan kejin naku?" Ta miƙo mini cukun. "Gara in hau hasumiyar coci in faɗa, aƙalla can sai mutum ya ɗaga kai."

Na daɗe ina bin wata ƙungiyar tallafi a kan su sa mana na'urar rufe magana. Bayan wannan Asabar na dame su da waya har suka gaji da ni. Daraktanmu, Miladin, ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, don kyauta ce. Wata injiniya ta zo daga birnin Niš da tsani da akwati, ta ɗaga allunan silin, ta jera ƙananan lasifikoki masu kamar murfin tukunya: a saman benci, a saman teburin Teta Stanka, a kan hanyar wucewa, da ɗaya a saman teburina.

Da ta kunna, ba wanda ya lura nan take. Wani siririn sauti ne, shuuu, kamar yayyafi a nesa. Ba ya toshe magana, ba ya rage ƙarfinta. Yana shimfiɗuwa ne a ɗaki daidai da kaurin muryar mutum, sai kalmomin da suka taso daga nesa su narke a cikinsa. Kana jin ana magana a bayan bango, amma ba ka san abin da ake cewa ba. Wanda ke zaune a gabanka kuwa kana jinsa tas.

Makon farko na ji kamar an cire mini dutse daga ka. Na daina sanin abin da surukar Teta Stanka ta dafa da yadda ta ɓata shi. Na rubuta bayani guda daga farko har ƙarshe ban tsaya ba. Ciwon kan da nake komawa gida da shi kullum ya tafi. Wani direban bas ya zo neman tallafin itace, ya dubi silin, ya saurara, sai ya zauna da kyau ya fara ba ni labarin ɗansa da ƙwayoyin da yake sha. Da ya fita, mutanen benci suka bi shi da ido suna jin yunwa, ba su samu komai ba.

A taron ma'aikata na yi musu bayani. Na ce abin a kunnen mai sauraro yake aiki, ba a bakin mai magana ba, don haka lasifikar saman benci ta fi kowacce muhimmanci. Miladin yana duba wayarsa. Teta Stanka tana fere tuffa.

Ranar Litinin ta biyu ta shigo da gyale naɗe a wuya har kunne, tana juya jikinta gaba ɗaya idan za ta dubi mutum.

"Lafiya, Teta Stanka?"

"Tambayi abinki." Ta nuna silin da haɓa, ta ɓata fuska don zafin nunin. "Promaya. Tun Alhamis take bugun ƙeyata."

A garinmu mutum yana iya tsira daga yaƙi, daga ambaliya, daga hannun likitan haƙori, amma ba ya tsira daga promaya, iskar da ke shiga ta taga ta fita ta ƙofa ta bi ta kan wuyanka. Ita ke karkatar da baki, ita ke kurmantar da kunne, ita ke hana mace haihuwa. Kakata ta mutu tana rantsuwa cewa promaya ce ta kashe kakana, mutumin da yake kunna sabuwar taba da wutsiyar tsohuwa. A tsakiyar zafi mukan cika bas muna zufa kamar an zuba mana ruwa, duk wanda ya taɓa taga sai an tambaye shi wa ya haife shi.

"Ba iska ba ce, Teta. Sauti ne kawai. Ba abin da ke fitowa."

"To me nake ji?"

"Sauti."

"Sautin me?"

Na san inda za ta kai ni.

"Sautin iska," ta ce, tana duban sauran. "Kun ji Farfesa. Akwai sautin iska amma babu iska. Gobe za ta kawo mana ƙamshin miya babu miya."

Na ɗauko kyandir daga aljihun teburin da muke ajiyewa don ɗaukewar wuta, na kunna, na hau kujera, na riƙe shi daf da lasifikar. Harshen wutar ya tsaya cak kamar zane. Duk ofis suka taru suna kallo, har da Čika Budimir, wato Kawu Budimir, mai gadinmu, wanda kuma yake kula da tukunyar ɗumama ginin.

"Kun gani?"

"Na gani," in ji Teta Stanka. "Ai wadda ba ta motsa kyandir ita ce muguwar. Mai ƙarfi kana ji ka matsa. Wannan siririyar shiga take yi a hankali har ƙashi."

"Gaskiya ne," in ji Čika Budimir. "Surukina haka ta yi masa a mota. Ya kwanta lafiya, ya tashi bakinsa yana kallon kunne."

"Sauko, yarinya, kafin ki faɗo," in ji Teta Stanka. "Kin ga siket ɗinki ma bai rufe ƙodarki ba. Ke da ba ki haihu ba tukun."

Kafin ƙarshen mako gyale ya zama kayan aiki. Mai biyan tallafi ta zo da auduga a kunne. Čika Budimir ya fara sa hular ulu a cikin ɗaki, yana warin barasar da matarsa ke jiƙa tsumma da ita ta ɗaura masa a wuya. Tsofaffin benci suka koyi matsawa can ƙarshe, suna cunkushe a wuri ɗaya, suna hararar silin. Wata uwa ta lulluɓe jaririnta da bargo har ya fara kuka don zafi. Na kai ƙara wajen Miladin, su ma suka kai.

"Isidora, 'yata, ni ban ce kin yi kuskure ba," ya ce, yana juya cokali a gahawarsa. "Amma mutane suna ciwo."

"Ba ciwon da na'urar ta sa musu."

"To wuyan Stanka ƙarya yake yi? Ni kaina kafaɗata..." Ya taɓa ta, ya ga idona, ya sauke hannu. "A rage mata ƙarfi mana."

"In an rage, ba ta da amfani."

"To a bar ta haka, mu gani." Ya faɗa wa Teta Stanka ita ma a bar maganar, mu gani. Da wannan kalma ya kai shekarun da ya kai a kan kujerarsa.

Na je kasuwa na jawo Milunka da kaina, wata Talata da rana bayan benci ya watse. Na zaunar da ita a kansa, na shiga akurkina, na ɗaga murya na karanta mata sunayen duk garuruwan da ke kan taswirar bango. Na fito.

"Me na ce?"

"Na ji kina gunaguni."

"Me na ce?"

"Ban sani ba." Ta dubi silin da shakka, ta ja rigar sanyinta ta rufe wuya. Amma ta sa na sake. Wannan karon ita ta shiga, ni na zauna, ta faɗi abin da ta faɗa. Da ta fito idonta ya yi ja.

"Kin ji?"

"Ko kalma ɗaya."

"Na zagi Ratko," ta ce, ta rufe baki tana dariyar da ban taɓa ji a bakinta ba. "Tun yana cikin tsumma ban zage shi ba. Zan zo Juma'a, in na samu maƙwabciya ta zauna da Baba."

Laraba da Alhamis ina ƙauyuka, ziyarar gidaje. Juma'a na shigo a makare, takalmina duk laka. Benci a cike, ana gaishe-gaishe, ana tari, ana musu a kan wanda ya riga wani. Milunka tana tsaye a bakin ƙofata riƙe da jakarta da hannu biyu. Na shigar da ita, na rufe ƙofa. A samanmu sautin yana nan, shuuu, kamar kullum. Ta ɗaga kai ta saurare shi, kafaɗunta suka sauka.

Ta yi magana kamar wadda aka buɗe wa famfo. Ta ce Baba ya daina gane ta, yana kiranta da sunan mahaifiyarta, wani lokaci kuma da sunan wata mata da ba ta taɓa ji ba. Ta naɗe hannun riga ta nuna mini inda ya kama ta. Ta ce yana ɓata shimfiɗa ya shafa a bango. Ta ce idan za ta kasuwa takan kulle shi a ɗaki, kuma sau da yawa ta ɗaure ƙafarsa da gado da tsohon zanen tebur, don ya taɓa fita ta taga aka tsince shi a bakin titin jirgi. Ta ce Ratko yana kira ran Lahadi ya tambaya ko ta aske wa Baba gemu. Tun tana raɗa har ta koma muryarta ta kasuwa, don shekara da shekaru ba ta samu inda za ta ajiye wannan kaya ba. Ban hana ta ba. Ban ga dalilin hana ta ba.

"Akwai safiyar da nake tsayawa a ƙofarsa," ta ce, "in saurara ko yana numfashi. In na ji yana yi, sai in ji gabana ya faɗi. Kin gane? Ba don ya daina ba. Don bai daina ba." Ta share hanci. "Ni wace irin 'ya ce, Farfesa?"

"'Yar da ta gaji," na ce. "Za a ba shi gado. Da abin da kika faɗa, ba mai hana shi."

Na buɗe mata ƙofa, na fito a bayanta.

Shirun ne ya fara duka na. Ba shirun mutane kaɗai ba, ko da yake ba wanda ke tari yanzu, ba mai musu. Lasifikar saman bencin ce ta mutu. Ina jin agogon bango. Ina jin ruwa yana tafiya a bututun ɗumi. Daga cikin akurkina, ta saman bangon kwali, siririn sautin nan yana fitowa shi kaɗai, bai isa ko'ina ba. Mutanen benci sun baje yanzu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba mai gyale a ka, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

Milunka ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk ta san su, duk sun ci cukunta. Ba ta dube ni ba. Ta gyara jakarta ta fita.

Na taka zuwa teburin Teta Stanka. Wuyanta a buɗe, tana juya shi yadda take so.

"Wa ya kashe?"

"Ba wanda ya kashe miki komai. Taki tana nan."

"Wa ya taɓa ta saman benci?"

"Ni ne," in ji Čika Budimir daga bakin ƙofa, da fara'ar wanda ya yi aikin kirki. "Jiya na hau, na zare wayoyin a hankali, ban fasa ko allo ɗaya ba. Ta benci, ta Stanka, ta hanya. Taki na bar miki, tunda ke ce mai so. Kowa ya samu abin da yake so, ba faɗa."

"Tsofaffi ne ke zama a nan, Farfesa," in ji Teta Stanka. "Da masu jarirai. Ke kina da ƙuruciya, ki sha iskarki."

"Na faɗa muku a kunnen mai ji take aiki. Na faɗa a gabanki."

"Kin faɗi abubuwa da yawa."

"Kin ji abin da matar nan ta ce?"

Ta gyara takardun gabanta. "Duk mun ji. Kunne ba shi da murfi. Amma ni dai bakina ba zai faɗa ba." Ta rage murya. "Da zanen tebur, kin ji. Uban da ya haife ta."

Na shiga wajen Miladin ban ƙwanƙwasa ba. Ya ce bai ba da izini ba, bai kuma hana ba, Budimir ya tambaye shi ne a kan hanya yana sauri. Ya ce ai niyyarsu mai kyau ce. Ya ce in zauna in sha ruwa. Ya ce da na leƙa silin da safe da na lura. Na ce masa ba zan ɗauki wannan laifi ba, ko ƙwayarsa. Na kawo abin da ke aiki, na nuna yana aiki, na faɗi yadda yake aiki. Wanda ya hau tsani ya san kansa, wanda ya ɗaga masa kai a kan hanya ma ya san kansa. Ya ce bakina zai hana ni ci gaba. Na ce ina sane.

A ranar na gama bayanin Milunka, na kai shi da hannuna, na roƙi matar da ke rabon gadaje ta sa shi a gaba. Ina tsere da garin ne, kuma na san wanda ya fi sauri.

Asabar na je kasuwa. Layin masu cuku a cike, sai rumfa ɗaya. Mata suna wucewa ta gabanta suna gaishe ta da ladabin da ya fi zagi ciwo. "Milunka, ya Baba? A gaishe shi, in an kwance shi." Tana tsaye a bayan farin cukunta, ta haɗa hannu a ciki. Na tsaya na ce ta auna mini. Ta auna, ta naɗe, ta karɓi kuɗi, ta ce, "Na gode, Malama." Ba ta ce Farfesa ba.

Gadon ya fito bayan mako biyu. Ratko ya riga shi isowa.

Ya shigo ofis da safe, lokacin da benci ya fi cika, sanye da jaket ɗin fata, mukullin mota a hannu, Milunka a bayansa. Bai shiga akurkina ba. A tsakiyar hanya ya tsaya, inda kowa zai gan shi.

"Ke ce Farfesar?"

"Ni ce. Shigo mu zauna."

"Ba abin da zan ɓoye, ni. Ina can ina aiki kamar jaki, sai waya ta ko'ina: Ratko, za a jefar da ubanka gidan gwamnati kamar tsohuwar katifa. A gidanmu ba a taɓa yi ba. Wa ya sa mata wannan a ka? Ke?"

"Yayarka ce take ɗauke da shi ita kaɗai. In kana so ka ɗauke shi ka tafi da shi Linz, zan taimaka da takardu yau."

Wani a benci ya yi dariya ya mayar da ita tari. Wuyan Ratko ya yi ja.

"Ji bakinta. Ubanki ya san haka kike yi wa manya magana?"

"Shi ya biya kuɗin makarantar."

"Ratko, ya isa," in ji Milunka. Ta matso gabana. Ta rame a 'yan kwanakin nan, ta sa baƙar rigar zuwa coci. Na ce mata a hankali, gadon ya fito, yana jiranta, sa hannunta kawai ake bukata, nata ba na kowa ba, doka ba ta tambayi Ratko ba. Na ce ta shigo ciki mu yi magana.

Ta dubi ƙofar akurkin, ta dubi saman bangon.

"A nan zan faɗa," ta ce. Ta juya rabi wajen benci, ta ɗaga murya yadda na can ƙarshe zai ji. "Na zo in janye. Ban san abin da nake faɗa ba ran nan, gajiya ce da rashin barci. Ban taɓa ɗaure Baba ba. Ubana a gidansa zai zauna, a gadonsa zai mutu, ni zan rufe masa ido. A ba wani gadon."

"Kun ji dai," in ji Ratko.

Kawunan benci suka gyaɗa. Tsohuwar nan ta ce, "Haka 'ya ta gari take." Teta Stanka ta share ido da gefen hannu, da gaske take kuma, wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Milunka ta sa hannu a kan teburin Teta Stanka, don ta ƙi shiga wajena. Da za ta wuce ta gefena ta tsaya, ta yi maganar da ni kaɗai na ji, leɓenta ko motsi ba ya yi.

"Yana komawa bayan slava. Ni ina nan."

Ta bi ƙanenta suka fita. Čika Budimir ya yi sauri ya rufe ƙofa a bayansu kafin iska ta shigo.

Da aka tashi aiki na ɗauko tsaninsa daga ɗakin tukunya. Ban nemi izini ba. Na ɗaga allunan silin ɗaya bayan ɗaya, ƙura tana zubo mini a ido, na mayar da kowace waya inda take. Washegari na tarar an zare ta benci. Na mayar. Suka sake zarewa. Miladin ya kira ni ya ce akwai gurbi a babban ofis na lardi, wuri mai kyau, ɗaki mai ƙofa da bango har sama, zai rubuta mini shaida da hannunsa. Na ce ya ba wanda wuyansa ke ciwo.

Yanzu tsanin a akurkina yake kwana. Kowace safiya kafin in cire rigar sanyi nakan tsaya a ƙarƙashin kowace lasifika in saurara, su kuma suna kallona ta saman kofunansu. Ba sa gaishe ni sai dole. Gahawar safe ma sun daina dafawa da ni, na sayi tukunyata.

An yi slavar gidan su Milunka, an ce baƙi sun cika gida, an yi wa tsohon aski an zaunar da shi a kan tebur. Ratko ya koma. Mata sun dawo rumfarta da kaɗan-kaɗan. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka na hango ta tana rufe rumfa tun kafin tsakar rana, tana sauri, hannu ɗaya naɗe da bandeji. Ta gan ni, ta tsallaka titi.

Gadon an ba wani tsoho daga ƙauyen gaba, wanda ba shi da kowa da zai ji kunya a madadinsa.